Agustan da Ermelinda Ta Ƙi Haye Gada

Wata goma sha ɗaya a shekara, mutanen Corvelos goma sha tara ne, in an haɗa da Anselmo kurma, wanda wasu ba sa lissafawa tunda ba ya amsa kira. Watan Agusta kuwa sai ƙauyen ya kumbura. Motoci masu lambar Faransa su cika dandalin coci, 'ya'yan da suka tafi neman abinci su dawo da tumbi da jikoki masu tsoron kaji, a buɗe tagogin da suka shekara a rufe. Ban da su ga 'yan yawon buɗe ido, miji da mata da yara da kare, kowa da sanda biyu a hannu kamar mai ciwon gwiwa. Sun zo ganin gadar Rumawa, da kufan hasumiya, da dawakan da ke kiwon kansu a kan dutse.

Gwaggo Ermelinda Barreira ta ga Agusta saba'in da shida. Gajeriyar mace ce, cikin baƙaƙen kaya tun rasuwar mijinta, hannuwanta kamar na maƙeri, harshenta kuwa ko fadan coci kauce masa yake yi. An haife ta a gidan da ke bayan tanderun ƙauye, ta yi aure gida uku gaba, ta auri Abílio makiyayi, mutumin da bai fi kalma arba'in yake furtawa a shekara ba. Ita ta riƙa yi musu maganar su biyu. Da ya mutu ta ce gidan bai ƙara shiru ba, wankin safa ne kawai ya ragu. Amma har yau ba mai zama a kujerarsa ta bakin murhu.

Haihuwa uku ta yi, biyu ba su kai yaye ba. Horácio ne ya tsaya. Yana da shekara goma sha takwas ya bi motar 'yan ci-rani zuwa Clermont a Faransa, ya koyi shimfiɗa tayil a banɗakunan mutane, ya auri wata Bafaranshiya mai suna Solange, suka haifi 'ya ɗaya, Noémie. Shekara talatin da huɗu bai taɓa fashi ba: ranar ɗaya ga Agusta, da rana ta karkata, motarsa za ta hau gadar Rumawa ta yi oda sau uku. Ermelinda kuwa ba jiransa take yi ba, a cewarta. Shara ce kawai ta kama ta a bakin ƙofa tun safe, dakali ɗaya, har dutsen ya fara ƙyalli.

"Wane ne wannan ƙaton?" za ta ce, ba ta ajiye tsintsiyar ba.

"Ɗanki ne, Mama."

"Ɗana siriri ne ya tafi. Kai ka cinye shi a hanya?"

"Ke kuma kin ƙara gajarta. Nan da shekara biyu a aljihun riga zan sa ki."

"Shiga ka wanke hannu, ɗan banza."

A kan tebur zai tarar da nasa burodin. Kowane gida a Corvelos yana da shaidar da yake dannawa a kan kwaɓi don kada a ruɗe a tanderu, ta gidan Barreira yatsa uku ce. Amma akwai wani ƙaramin dunƙule da take dannawa da babban yatsa kaɗai, tun Horácio yana rarrafe. Shi ne nasa. Ya kai shekara hamsin yana cin sa a tsaye, da zafinsa, yana hura yatsu.

Burodin Corvelos ba ya sanin yis na kanti. Akwai wani curin tsami da ke zaune a cikin baƙin kasko, an rufe shi da ganyen kabeji, yana zagaya gidaje bi da bi. Wadda layi ya zo kanta ta kwaɓa garinta da shi, ta yanko sabon curi ta mayar a kaskon, ta ciyar da shi har ranar da za ta miƙa wa gida na gaba. Doka biyu ce a kansa. Wadda yake hannunta ba ta kwana a wajen ƙauye sai ta miƙa shi, kuma sai ga gidan da hayaƙi ke tashi duk shekara. Ta biyu, ba ya haye gada. An ce zamanin kakar kakarta wata amarya ta ɗebe shi ta haye da shi, kafin ta kai ɗaya gaɓar ya mutu, ƙauye ya kwana arba'in yana tauna burodi kamar tafin takalmi. Ba wanda ya ga amaryar, amma kowa ya san sunanta.

Da Ermelinda tana yarinya gida talatin da biyu kaskon yake zagayawa. Ya dawo ashirin, ya dawo bakwai. A ƙarshe ya zama tafiyar taku goma sha huɗu yake yi, daga ƙofarta zuwa ƙofar Zulmira, maƙwabciyarta, uwar baftismar Horácio, abokiyar faɗanta tun suna 'yan mata.

"Ungo," Ermelinda za ta ce. "Na ƙosar da shi. Kada ki bar shi da yunwa yadda kika bar marigayi."

"Marigayina da ƙibarsa ya tafi. Naki fa, mutum biyu suka ɗauki akwatin gawarsa suna hira."

"Ki dai wanke hannu kafin ki taɓa shi."

Hukumar yanki ta zo ta kafa allo a jikin tanderun da harsuna uku. Ermelinda ta sa aka karanta mata, ta ce saura nata allon, a rubuta cewa an gina ta kafin wutar lantarki, kada a taɓa.

A watan Yuni na shekarar da ake magana, Zulmira ta zame a bakin maɓuɓɓuga ta karya kwankwaso. Aka kai ta asibiti, daga can 'yarta ta wuce da ita birnin Braga jinya. Kaskon yana hannun Ermelinda a lokacin, a hannunta kuma ya tsaya.

Tsakiyar Yuli, wata Lahadi da hantsi, wayar bango ta yi ƙara.

"Mama, bana ba za mu hau dutse ba," in ji Horácio.

"Dutsen ya ƙara tsawo ne?"

"Mun kama gida a bakin teku, kusa da Viana, sati uku. Akwai ɗaki a ƙasa, ba hawa bene, naki ne. Solange za ta zo ta ɗauke ki, tafiyar awa biyu ce."

"Me zan yi da teku? Wanki zan yi a ciki?"

"Ki zauna kusa da ni ki riƙa zagina. Aikin ke nan."

"A nan ma ana zagi. Tsami yana hannuna, uwar baftismarka tana Braga da ƙarfe a kwankwaso. Wa zan ba? Anselmo?"

"Mama, kwaɓin gari ne fa."

Ya ƙara da cewa, "Kina ji na?"

"Kwaɓin garin nan shi ya yi maka tumbin da kake tinƙaho da shi."

Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari mai tsawo. "Tumbin ya ragu," ya ce. "Za ki yi mamaki."

"Matarka ta sa ka cin ganye ke nan. Ka zo in gyara ka."

Da ta ajiye wayar ta daɗe a tsaye. Ta san yadda abin yake farawa. 'Ya'yan gidan Queiroga ma da haka suka soma: sati ɗaya a teku, sati biyu a ƙauye. Shekara ta gaba sati biyu a teku. Yau gidan Queiroga na wasu 'yan Holan ne da ke shanya tawul a kan tagar da tsohuwar ta mutu a bayanta. Ermelinda ta ƙudura a ranta cewa in ta sauka sau ɗaya, Horácio ba zai sake hawowa ba. In kuwa ta zauna daram a inda take, dole ya zo. Bai taɓa iya fushi da ita ya wuce kwana uku ba. Tsami ya ɗaure ta, gaskiya ne, amma ita ma ta ji daɗin igiyar.

Ranar talatin da ɗaya ga Yuli ta hura tanderu ita kaɗai, ta gasa manya huɗu da ƙaramin nan mai babban yatsa. Washegari shara ta kama ta a bakin ƙofa. Motoci suka yi ta hayewa. Wata ta yi oda sau biyu, saboda tunkiya ta tare hanya. Ermelinda ta tsaya da tsintsiya a sama tana jiran ta uku.

Ta ba kaji ƙaramin burodin bayan kwana huɗu. Ta sake gasa wani.

Ranar tara ga wata, motar Horácio ta zo, ba oda. Solange ce ke tuƙi, Noémie a gefenta, kujerar baya ba kowa. Ermelinda ta leƙa har ƙarƙashin kujerar, wai ko ya ɓuya ne, don yana iyawa.

Solange ta rame, ta ƙi cire baƙin gilashinta ko a cikin kicin. Ta zauna a bakin benci da makullin mota a hannu.

"Mama, don Allah ki zo," ta ce, cikin harshen mijinta da ba ta taɓa iya lanƙwasa shi daidai ba. "Ko kwana uku. Yana so ya gan ki."

"Ƙafarsa ce ta karye shi ma?"

"Ya gaji ne. Hanyar nan mai kwana-kwana tana wahalar da shi."

"Shekara talatin da huɗu ba ta wahalar da shi ba, sai da aka gano teku."

Solange ta damƙe makullin a hannunta. Ta juya tana kallon bango.

Noémie, mai shekara goma sha bakwai, wadda ta fi kakarta tsawo da kai biyu, ta ɗaga ganyen kabejin ta sunsuna kaskon. "Kaka, ki sa shi a jaka mana mu tafi da shi. Zan riƙe shi a cinya."

"Sauke hannunki, zangarniya. Ba ya haye gada. Mutuwa yake yi."

"Wa ya gwada?"

"Wadda ta gwada ta fi ki hankali, kuma har yau ana zaginta."

"To ki ba matar Kawu Delfim da suka dawo hutu, ai suna nan har ƙarshen wata."

"Wadda ta wanke kaskon da sabulu bara, ta ce wani abu ya ruɓe a ciki? Da ƙyar muka ceto ɗan abin da ya maƙale a ganye."

Ta naɗe ƙaramin burodin a tsumma mai tsabta, ta raka su da ƙafa har bakin gada, motar tana bin ta a hankali kamar saniya. Nan ta tsaya, inda duwatsun Rumawa suka fara. A tsakiyar gadar wasu baƙi ne ke ɗaukar hoto, uba da uwa da yara uku da wata tsohuwa mai faffaɗar hula, ɗanta ya riƙe mata gwiwar hannu. Uban ya roƙi Noémie ta ɗauke su gaba ɗaya. Ta ɗauka. Ermelinda ta kalli tsohuwar ta ce a ranta, ji wannan, an jawo ta kamar akuya, sai washe baki take yi.

Ta miƙa burodin ta tagar mota. "Ki ce wa mijinki, in yana son na biyu, ya san hanya."

Solange ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Mama," sannan ta ja motar.

Bai zo ba. Agusta ya ƙare, aka rufe tagogi, ƙauye ya koma goma sha tara. Zulmira ta dawo a Satumba tana tura wani keken ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta karɓi kaskon tana cewa an ramar mata da shi. Horácio ya ci gaba da kira kowace Lahadi, muryarsa tana ƙara nisa, ita tana ɗora laifin a kan waya.

"Kirsimeti zan zo," ta ce masa wata rana. "In ga wannan Faransa da ta fi uwa daɗi."

"To, Mama. Ki zo da wuri."

"Kirsimeti ba ya zuwa da wuri don kai."

Ranar Talata ta ƙarshen Oktoba, da safe, tana yankan kabeji a bayan gida, wayar ta yi ƙara. Ba Lahadi ba ce. Ta goge hannu a zani ta shiga. Solange ce. Horácio ya rasu. Ciwon daji ne a ciki, tun Fabrairu aka gano. Likitoci sun yarda ya yi tafiyar Agusta ne da sharaɗin kada ya yi nisan da ya wuce rabin awa daga asibiti. Daga Corvelos kuwa awa biyu ce, in tumaki ba su tare hanya ba.

Ya bar wasiyya a kawo shi gida. Bayan kwana biyar doguwar baƙar mota ta gangaro daga kan tudu, da rana ta karkata. Mutanen ƙauye suna tsaye a dandalin coci, su goma sha takwas, Ermelinda tana bakin ƙofarta. Da motar ta hau gada sai direban, wani baƙo da bai san kowa ba, ya bi abin da Solange ta gaya masa: ya yi oda sau uku.

Anselmo kurma ne kaɗai bai sunkuyar da kai ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, surukan biyu suka zauna a kicin. Wannan karon Solange ta cire gilashin.

"Me ya hana ki faɗa mini a bakin gada?"

"Ya sa ni rantsuwa. Ya ce in kin sani, za ki zo ki zauna kina kallonsa kina kuka, shi kuwa masu yi masa kuka sun ishe shi. Mai zaginsa yake so."

"Burodin fa?"

"Kwana tara yana cin sa. Yanka ɗaya kullum, yana jiƙawa a madara don ya bushe kamar dutse. Shi kaɗai ne abin da ke zama a cikinsa. A kujerar da ke kallon ƙofar shiga yake zama, ba wadda ke kallon teku ba."

"Ya zage ni?"

"Ya ce kina da gaskiya, layi yana hannunki. Ya ce da kin bar shi kin zo, da ya san kin fara tsufa."

Ermelinda ba ta yi kuka a gabanta ba. Ta tashi ta zuba wa kaji hatsi, ko da yake ta riga ta zuba musu.

Lokacin sanyi ya wuce. Harshenta ya kwanta, har fada ya fara bin ƙofar gidanta ba tare da sauri ba. Abu ɗaya take riƙe da shi: tsami yana hannunta ne, kuma ba ya haye gada. Ba ita ta kafa dokar ba. Takan faɗa wa kanta haka in tana kwaɓi, kamar mai karanta addu'a.

A watan Mayu 'yar Zulmira ta zo ta kwashe uwarta gaba ɗaya zuwa Braga. Zulmira ta turo kekenta taku goma sha huɗu, kaskon a kwandon gaba.

"Ungo. Ba na karɓa kuma."

"Kin gudu ke nan, gurguwa."

"Na gudu. Ke ma da kin gudu bara, da..." Ta haɗiye sauran. Suka tsaya suna kallon kaskon, har 'yar ta kira daga mota.

Ƙarshen Yuli Noémie ta bugo.

"Kaka, ba za mu zo ba. Mama ta ce ba za ta iya haye gadar nan da oda ba, kuma ba za ta iya haye ta shiru ba. Ke ki zo. Ɗakin Baba na ƙasa yana nan."

"Tsami yana hannuna."

Maganar ta fita ne da kanta, kamar atishawa. Ermelinda ta ji ta da kunnenta. A ɗaya gefen numfashin yarinyar kawai ake ji, irin na ubanta in ya ƙi yin gardama.

"Wace rana motar Faransa take tashi?" in ji Ermelinda.

Ranar ɗaya ga Agusta ta ciyar da curin, ta sa masa sabon ganye, ta ɗaure kaskon a cikin gyalenta. Ta sa mai tasi ya sauke ta a bakin gada, ya jira ta a ɗaya gaɓar. Ta haye da ƙafa, kaskon a ƙirji, motoci masu lambar Faransa suna wucewa ta gefenta zuwa cikin ƙauye, yara suna ɗaga mata hannu. Wani baƙo ya ɗauke ta hoto. Ba ta zage shi ba.

Babbar motar da ke zuwa Faransa kusan ba kowa a cikinta, tunda a farkon Agusta duniya duka gida take zuwa. Awa goma sha tara tana zaune da kaskon a cinya, ba ta kwance gyalen ba ko sau ɗaya. Ta riga ta yanke cewa gawa take ɗauke da ita. Dama don ta ga gawar ta kawo shi. In ya mutu, to ba a banza ta zauna bara ba.

A kicin ɗin Solange, mai farin tayil da Horácio ya shimfiɗa da hannunsa, ta ajiye kaskon a kan tebur. Noémie ce ta kwance ƙullin. Curin ya kumbura ya ɗaga ganyen kabejin sama, ya malalo ta bakin kaskon, sai ƙananan ramuka yake buɗewa, warin tsaminsa ya cika ɗakin.

"Kaka, yana da rai. Dubi, har ya ƙaru."

"Na gani."

Ta daɗe tana kallonsa. Ya haye gadar Rumawa, ya haye ƙasa biyu, da ya je Viana ya dawo sau huɗu bai sani ba. Solange, wadda ta gane, ta ja hannun 'yarta za su fita. Ermelinda ta ce su tsaya, a ba ta gari da ruwan ɗumi, tunda dai ga shi nan.

Ta naɗe hannun riga ta fara kwaɓi. Ta yi manya biyu ta danna musu yatsa uku. Abin da ya rage bai fi cikin tafi ba, ta mulmula shi, ta riƙe shi, babban yatsanta a kai bai nutsa ba. Sannan ta yanko sabon curi ta mayar a kasko, ta sunkuya kusa da shi yadda ake yi wa wanda ba a so a kunyata a gaban mutane.

"Marar mutunci," ta ce masa a hankali. "Bara ba ka da baki ne?"